Yadda Muka Naɗe Duniya a Jikin Masaki

Ranar da aka miƙo mini reza aka ce in tsaga taswirar duniya ba ta taɓa fita daga raina ba, ko da yake abubuwa da yawa sun fita. Sunaye sun fita, fuskoki sun fita, amma ita tana nan. Ku da kuke aikin makaranta a yau, masu girki da masu shara, ku nake ba wannan labari. Ban yi boko ba, jikata ce take rubutawa ina faɗa, kuma ita ce ta tono shi. Aikinta a kwamfuta yake, tana gina wata duniya da ake shiga da ido, ba da ƙafa ba. Rannan na same ta tana tsaki. Ta nuna mini wata ƙwallo tana juyawa a gilashin kwamfutar, ta ce hoto ne shimfiɗaɗɗe take so ta lulluɓa mata, tsakiya ya zauna lafiya, sama da ƙasa kuwa sun tattare sun ƙi. Na ce ta matso da kujerarta.

Abin ya faru 'yan shekaru bayan Turawa sun miƙa mulki, kafin yaƙin basasa. Ina aiki a makarantar kwana ta babbar firamare a nan Birnin Gwari. Ga yadda tsarin yake, don wanda bai sani ba. Hedimasta ne a sama, sai mataimakinsa, sai malaman aji. A ƙarƙashinsu akwai mu da ake kira ƙananan ma'aikata: maigadi, masinja, masu girki, masu shara da ɗiban ruwa. Ni ce ta ƙarshe a jerin. Da sassafe in share azuzuwa kafin a kaɗa ƙararrawa, in cika randuna, sannan in koma madafa in kama wa Iya Kande, shugabar masu girki, dattijuwar da bakinta bai taɓa hutawa ba sai in tana salla.

Abin da ya kai ni aikin kuwa, maigidana ne ya tafi hajji ta ƙasa, da ƙafa, yadda talakawa suke tafiya a lokacin. Ya bar ni da goyo. Goyon ya yi ƙafa, ya yi baki, har ya fara bin awaki, ba labari. Ana nan, ana nan, sai wani tsoho na Kutemeshi, garin iyayena, ya dawo daga tasa tafiyar. Ya ce ya ga maigidana da idonsa a ƙasar Sudan, kusa da wani babban gari inda koguna biyu suka haɗu, yana tsinkar auduga yana tara guzurin ƙetare ruwa. Iyakar abin da ya kawo mini ke nan. Na ƙulle shi a zuciya.

To, akwai wani malami, Malam Ishaya, mutumin Tabanni, Kirista, saurayi mai dogon wuya da yawan dariya. Shi ke koyar da labarin ƙasa. A bangon ajinsa akwai taswirar duniya guda ɗaya, ita kaɗai ce a makarantar, faɗinta ya kusa kai buɗewar hannuwana biyu. Wata rana na shiga zuba ruwa a randar ajin yana cikin darasi, sai na ji yana cewa, "Nan ne koguna biyu suka haɗu. Nan alhazanmu na ƙasa suke yada zango." Na ɗaga kai na ga inda bakin sandarsa ya tsaya. Ruwan ya cika ya zuba a ƙafata ban sani ba.

Washegari da na zo shara, ba kowa, na je gaban taswirar na auna wurin da hannuna, don kada ya ɓace mini. Taƙi uku daga gefen dama, taƙi biyu daga ƙasa. Can na sami wani ɗan ɗigo baƙi, da siraran zare biyu shuɗɗa sun haɗu a gindinsa. Daga ranar, kowace safiya in na gama shara, sai in auna, in ɗora yatsa a kan ɗigon, in yi masa addu'a, in ɗauki tsintsiyata in fita. Ban gaya wa kowa ba. Mace ba ta faɗin irin wannan. Ba ni da hotonsa, ba ni da inda zan je in tambaya. Ɗigon nan ne kaɗai wurin da nake iya taɓawa in ce yana nan.

Ana haka sufeton makarantu ya zo daga Kaduna. Aikinsa shi ne ya shiga aji ya zauna a baya, ya saurari malami, ya yi wa yara tambayoyi, sannan ya gaya wa hedimasta abin da za a gyara. Ya tambayi yaran Malam Ishaya yadda siffar duniya take. Suka ce kamar tabarma take, da kusurwa huɗu, suka nuna masa bango don ya gani da kansa. Sufeto bai yi faɗa ba. Ya ce kafin ya dawo zango mai zuwa yana so ya tarar da duniya mai siffar ƙwallo a ajin, in babu ta saye, malami ya yi da hannunsa.

Malam Ishaya ya zo madafa yana sosa ƙeya. Ya ji labari cewa uwata mai zanen ƙwarya ce, kuma na gaji hannunta.

"Yaya Ladi," in ji shi, don haka yake kirana, "masaki biyu nake so, manya, masu baki ɗaya. In an kifa ɗaya a kan ɗaya su zama dunƙule."

Iya Kande ta ajiye muciya. "Za ka yi wa wa biki, Malam?"

"Duniya zan yi, Iya."

"Wadda Allah ya yi ba ta ishe ka ba?"

Ya ce ai ita ce zai kwatanta, dunƙulalliya ce, tana juyawa.

"To ka gaya mata ta juya a hankali," in ji ta, "miyata tana kan wuta."

Hedimasta kuwa bai yi dariya ba da ya ji cewa taswirar bangon ce za a manna a jikin masakin. Ina goge tagar ofishinsa na ji yana cewa, "Malam Ishaya, taswirar nan guda ce, kuma kayan gwamnati ce. In ta lalace, bakinka ne zai yi bayani gaban sufeto, ba nawa ba." Malam Ishaya ya ce ya ji ya yarda. Ni kuwa tsumman hannuna ya tsaya a kan gilashi. Su suna maganar kayan gwamnati, ni ina tunanin ɗigona.

Aka fara shiri. Malam Ishaya ya auna faɗin taswirar da igiya ya ba ni, ya ce ƙugun masakin ya zama daidai da ita. Na bi gidajen masu noman duma har Tabanni, ina ɗaura wa kowane masaki igiya kamar mai neman wa amarya ɗamara, har na sami biyu da suka dace. Gyartai na kasuwa ya ɗinke bakunansu, ni na kankare ɗinkin na shafe shi da yumɓu mai laushi. Maƙeri ya huda cibiyoyin biyu ya zura ƙarfe, ya yi masa gindin zama.

Saura abin mannawa. Na ce ƙaron marke ya fi kunun rogo, don kyankyaso ba ya binsa sosai. Na bi matan unguwarmu muka shiga daji. Allah Sarki, dajin nan. Ku yaran yanzu ba ku san shi ba, sai dai ku ji ana ambatonsa ana neman tsari. A lokacin mata zalla muke shiga, da goyo a baya, ba mu tsoron komai sai maciji da ɓatan hanya. Inuwa ta rufe ka tun safe, ƙasa a jiƙe, ƙanshin ganye, birai suna zaginmu daga sama muna rama musu. In ƙishi ya kama mu, mu ratsa rugar Fulani a ba mu nono a ƙwaryar da wataƙila uwata ce ta zana. Na ɓamɓaro ƙaro cikin ƙoƙo, mai haske kamar zuma, na dawo na jiƙa shi na tace.

Malam Ishaya mutum ne mai hankali, bai fara da taswirar ba. Ya haɗa tsofaffin jaridu daidai girmanta muka gwada. Muka ɗaura wa masakin kamar zani. A ƙugu ta zauna sumul. Sama da ƙasa kuwa ta tattare kamar bakin buhu, duk inda ka danna sai wani wuri ya tashi. Ya ce haka littafi ya faɗa, shimfiɗaɗɗen abu ba ya rufe dunƙulalle sai an tsaga shi. Ya ja layuka da fensir daga sama zuwa kusa da ƙugu, daga ƙasa ma haka, na bi su da reza. Takardar ta zama harsuna harsuna. Muka riƙa kwantar da kowane harshe, gefensa yana hawa kan na kusa da shi, kaɗan a wajen ƙugu, da yawa a wajen cibiya. Ta zauna.

Na daɗe ina kallon wuraren da suka hau juna. Na ce, "Malam, abin da yake rubuce a inda aka danne fa?"

"Ya shige ƙarƙashi. Ba za a ƙara ganinsa ba."

"Har da garuruwa?"

"Har da su. Amma yawanci na ƙasashen sanyi ne, can sama. Masu zanen sun ja wurin sun faɗaɗa shi fiye da yadda yake. Mutanen can su yi mana haƙuri."

Ya yi dariya. Ni ban yi ba.

Ranar Asabar da hantsi, yara suna wanki, aka sauko da taswirar aka shimfiɗa a teburin aji. Iya Kande ta zo kallo da ludayi a hannu. Malam Ishaya ya ɗauki fensir da abin ja layi ya fara daga hagu. Ni idona yana wuri ɗaya. Layi ya zo, layi ya wuce, har ya iso saitin ɗigona, ya ɗora fensirin a sama ya fara gangarowa. Na buɗe baki in ce ya tsaya, na rasa dalilin da zan ba shi. Fensirin ya ratsa wani ɗan teku, ya shiga wata ƙasa mai ruwan ɗorawa, ya tsaya. Tsakaninsa da ɗigon bai fi faɗin yatsu uku ba.

"Hannunki ya fi nawa tsayuwa," in ji shi, ya miƙo mini reza.

Na yi bismilla na tsaga. Da na zo wannan layin, na dafe ɗigon da babban yatsana na hagu, don in rezar ta zame ta same ni, kada ta same shi. Ba ta zame ba.

"Ladi, gumi kike yi kamar mai yankan cibiya," in ji Iya Kande.

Na ce zafin ɗakin ne.

Bayan tsagawa, Malam Ishaya ya datse farin gefen da ya kewaye taswirar, dama da hagu, sama da ƙasa, ya tattara ya ba Iya Kande ta hura wuta da shi. Na ga an yi, ban kawo komai a raina ba, don murna ta cika ni. Muka shafa ƙaro, muka fara daga ƙugu, ni ina lallaɓa harsunan da tsumma mai laima, shi yana lura kada bakin wata ƙasa ya kauce wa ɗan'uwansa. Ƙarshen dama da ƙarshen hagu suka haɗu a tsakiyar wani babban teku. Ya ce da gangan aka bar mahaɗin a can, inda ba garin kowa, sai ruwa. A cibiyoyi biyu, inda harsunan suka taru suka yi tudu, ya manna farar takarda zagayayya, ya ce dama ƙanƙara ce a wurin. Muka sake shafe jikinta duka da ƙaro, muka bar ta ta bushe.

Ranar Litinin na shiga ajin da tsintsiya. Ga duniyar a kan tebur tana sheƙi. Na gama shara da sauri, na je na buɗe hannu zan auna daga gefen dama.

Babu gefen dama.

Na juya ta, na juya ta, duk inda na kai hannu sai ta ci gaba. Na nemi mahaɗin nan na cikin teku, ƙaro da aikin hannuna sun shafe shi, shuɗi ya bi shuɗi. Ƙasan da nake aunowa daga gare shi ya lanƙwashe ya shige ƙarƙashin farar takarda. Ƙaron kuma ya sa launukan sun yi duhu, ƙasashen sun karkace ba yadda idona ya saba ganinsu ba. Na ce to bari in nemi inda koguna biyu suka haɗu. Ashe duniya cike take da kogunan da suke haɗuwa. Na sami nan, na sami can, kowanne da ɗigonsa. Na tsare shi daga reza, ga shi ya ɓace mini a fili, yana gabana.

Aka kaɗa ƙararrawa na fita. Ranar na zuba gishiri sau biyu a miya, Iya Kande ta tambaye ni ko yaran gwamnati shanu ne.

Tambaya ba ta yiwu ba. Yaya zan tsaya gaban namiji, saurayi, in ce ya nuna mini inda mijina yake? Sai na zaɓi wani wuri da ya fi kama da shi a idona, koguna biyu da ɗigo a gindinsu. Kowace safiya in ɗora yatsa a kai in yi addu'a, amma zuciyata ba ta zauna ba. Kamar mai sallama a ƙofar gidan da ba ta tabbata nasu ba ne.

Haka muka yi makonni. Wata safiya Malam Ishaya ya zo da wuri don ya yi rubutu a allo, ban ji shigowarsa ba.

"Yaya Ladi, wa kike da shi a Amurka ta Kudu?"

Na janye hannuna kamar na taɓa garwashi. Na ce ƙura nake gogewa.

"Ƙurar wuri ɗaya? Har ya fara dushewa."

Na sunkuyar da kai. Can na ce, "Wurin nan da ka taɓa gaya wa yara, inda alhazan ƙasa suke yada zango. Shi ne nake so in ga ko aikinmu bai ɓata shi ba."

Dariyar ta bar fuskarsa. Garin nan ƙarami ne, ba wanda bai san maigidana yana hanya ba. Bai ambace shi ba, bai kuma sake tambayata komai a kansa ba. Ya juya duniyar a hankali, teku ya wuce, ya tsayar da ita.

"Ga shi. Lafiyarsa ƙalau. Da yaya kike gane shi?"

Na ce daga gefe nake aunowa.

"Ai gefen nan, Iya Kande ta dafa tuwo da shi," in ji shi. "Me ya sa ba ki auno daga gida ba?"

Na ce wane gida?

"Nan. Birnin Gwari."

Ku ji fa. Duk tsawon lokacin nan ina zuwa gaban taswirar, ban taɓa kawo wa raina cewa mu ma muna cikinta ba. Na ɗauka ta mutanen nesa ce, ta waɗanda suka tafi. Ya ce sunan garinmu bai samu shiga ba don ƙanƙantarsa, amma wurinsa yana nan. Ya ɗora bakin fensir a wani wuri cikin ƙasarmu. Ya ce in kawo sauran ƙaron nan mai kauri. Na kawo, ya ɗiga ɗigo ɗaya da tsinken tsintsiyata, ya ce in ya bushe zai zama ɗan ƙurji da yatsa zai ji.

"Zan gaya wa yara da hedimasta alamar garinmu ce, kuma gaskiya ce," in ji shi. "Ke kuma ki sa babban yatsanki a kai, ki miƙa manuni wajen dama."

Na sa babban yatsa kusa da ɗanyen ƙaron, na miƙa manuni. Ya sauka a kan koguna biyu. Ko taƙi bai cika ba.

Na tsaya ina kallon hannuna. Tafiyar da ta cinye mini ƙuruciya, ga ta tsakanin yatsuna biyu, ni a wannan, shi a wancan.

"Kada ki ga kamar kusa ne, Yaya," in ji shi a hankali. "A ƙasa tafiyar watanni ce."

Na ce na sani, Malam. Ya juya ya fuskanci allo ya daɗe yana rubutu, bai waiwayo ba sai da na goge fuskata na fita.

Sufeto ya dawo a lokacinsa. Ya juya duniyar, ya leƙa sama, ya ce wasu ƙasashen Turai sun rame, amma aiki ya yi. Yara suka ce masa duniya dunƙulalliya ce, suka nuna masa ƙurjin garinsu. Hedimasta ya karɓi yabon da hannu biyu. Bayan 'yan shekaru aka yi wa Malam Ishaya canjin wurin aiki, ban ƙara ganinsa ba. Duniyar ta zauna a ajin har na bar aiki, daga baya na ji gara ta cinye ta a wani dogon hutu.

Abin da na koya a aikin nan, in za a rufe dunƙulallen abu da shimfiɗaɗɗe, dole wani wuri ya shige ƙarƙashi. Gwanin aiki shi ne wanda ya lura da inda zai kai tsagar da inda zai ɓoye mahaɗin, don kada su faɗa kan abin da wani yake riƙe da shi. Kuma ku da kuke shara da girki, kada ku ɗauka abin da ake koyarwa a ajin na yara ne kaɗai. Malaman kirki sun san akwai mai sauraro a bakin ƙofa, kuma sukan amsa tambayar da kunya ta hana a yi.

Maigidana bai dawo ba. Wasu sun ce a can gonakin auduga aka binne shi, wasu sun ce ya ƙetare ruwa ya zauna. Goyon nan da ya bar mini ya girma ya je hajji ta jirgin sama, ya bi zangon mutanenmu yana tambaya, ba wanda ya san sunan. Ban sake aure ba, ba don an hana ni ba.

Har yanzu in na zauna shiru da la'asar, yaran gidan nan sukan ce, "Kaka, me kike aunawa?" Sai in duba, in ga babban yatsana a kan gwiwa, manuni ya miƙe yana neman gabas.